Maganar da Ta Dawo da Gemu

Shafi na 14

Da sunan Allah. Masu cewa shafin jiya ya yi gajere, idona ne ya gaji, labari bai gaji ba. Ga na yau.

Maganar ta riga rana fitowa a Zango, unguwar Hausawa ta Kumasi, ranar Asabar ɗin nan. Wai Mamunatu, matar marigayi Malam Awalu, tana shigar da namiji ɗakinta, alhali ko takaba ba ta fita ba.

A bakin Ajara mai koko Hajiya Barkisu ta ji. Ta miƙa kwanonta ke nan Ajara ta rage murya, irin ragewar da ake yi don na bayan layi su ƙara kasa kunne.

"Hajiya, ka ji abin da surukinka ya yi?"

"Wace surukar?"

"Mamunatu mana. Uwan Farhana. Ya ci amanan Malam tun ƙasan kabari bai bushe ba."

"Kin gan ta da idonki?"

"Ni ban gani ba. Amma shi da bakinshi ya faɗa, a wajen masu likitan magana na Adum. Ya ce namiji na zuwa in kowa ya kwanta, ya kwanta a bayanshi, ya riƙe hannunshi, kafin kiran asuba ya tafi. Alhaji Seini ya tara dangi yau bayan la'asar. In ya tabbata, kayanshi waje."

Alhaji Seini shi ne wan marigayin, kuma gidan da Mamunatu ke ciki na gado ne, maganarsa ce doka a cikinsa.

Hajiya ta karɓi kokonta, ta ce, "Ƙara mini ƙosai biyu. Bakinki ya fi kaskonki zafi yau."

Ta juya tana tafiya a hankali, amma zuciyarta gudu take. Ba don Mamunatu surukarta ce kawai ba, 'yarta Farhana na auren autan Hajiya, Rafi'u, can Takoradi. Abin da ya tsaya mata shi ne ta san waɗannan kalmomin. Ta ji su Asabar ɗin da ta wuce, ɗaya bayan ɗaya, a ajin da take zuwa.

Tun da ta bar koyar da ma'aikatan jinya, Hajiya ta ƙi zaman jiran jikoki. Ta sa sunanta a seminar da Dokta Ofori ke yi duk Asabar a saman wani shagon atamfa a unguwar kasuwa ta Adum, inda ake karanta ilimin tonon zuciya, wanda ake warkar da mutum ta hanyar barinsa ya yi magana. Ita ce tsohuwar ajin, ita ce kuma mai gardamarsa. A makon jiya wata ɗaliba, Latifatu, ta kawo labarin wata mai zuwa wurinta, ta ɓoye suna kamar yadda doka ta ce. Hajiya ta saurara har ƙarshe ba ta gane surukarta ba ce.

Ta ajiye kokon ba ta sha ba, ta ɗauki jaka, ta tari turoturo, motar haya.

Da ta hau benen, ta tarar an fara. Mutum bakwai a kujerun roba, fanka na juyawa, hayaniyar masu talla na hawowa ta taga. Dokta Ofori, Ba'asante ne mai furfura da sanyin magana, yana tsaye yana bayani da Turanci.

"Abin da zuciya ta binne ba ya mutuwa. Ƙofa yake nema. Ya fito ta mafarki, ya fito ta tuntuɓen harshe, ya fito ta ciwon da asibiti ba ya gani..."

"Ko ya fito ta bakin ɗalibi," in ji Hajiya daga ƙofa.

Duk suka waiga.

"Maame Hajiya, kin makara."

"Na tsaya sayen koko ne, Dokta, aka haɗa mini da darasin makon jiya kyauta."

Ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta faɗa musu abin da ta ji, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Kafin ta gama Latifatu ta rufe baki da gefen mayafinta. Dokta ya cire tabarau ya ajiye a tebur.

"Ranar farko na gaya muku," ya ce. "Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan ake binne shi. Wa ya fitar?"



Can Rahim, wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai son zama gaba, ya sunkuyar da kai.

"Matata kaɗai na gaya wa, Dokta. Kuma ban faɗi suna ba."

"Me ka faɗa?" Hajiya ta tambaya.

"Na ce wata mai takaba ce, mijinta tela ne, ya faɗi a kan keken ɗinki."

"Teloli nawa suka mutu a kan keke a Zango bana, Rahim?"

Hajiya ta ci gaba.

"Kuma matarka kitso take yi. Da ka hau hasumiyar masallaci ka faɗa, da mutane kaɗan ne za su ji."

Dokta ya ce, "Rahim, ka jira ni bayan aji. Maganarka daban ce." Ya juyo. "Amma abin takaici, mun ce mafarki ne. Na bayyana muku. Mace ta rasa miji, zuciya ta ƙi yarda, ta dawo mata da shi cikin barci, ta haɗa shi da siffar uba mai kare 'yarsa. Babu namiji na jini da tsoka a maganar."

"Zango ba ta karanta littafinka ba, Dokta. Ta ji namiji, ta ji dare, ta gama lissafi."

"To sai a je a bayyana musu."

"A ce wa Alhaji Seini ƙanensa ne ke tasowa daga maƙabartar Tafo yana kwana da matarsa? Ko a ce masa ubanta take sha'awa? Wanne kake ganin zai hana shi watso mata kaya?"

Wata ɗaliba ta yi dariya ta haɗiye.

Hajiya ta juya kujerarta ta fuskanci Latifatu. Yarinyar 'yar Maradi ce, aure ya kawo ta Kumasi, Hausarta tsaf kamar ta mai karanta labarai a rediyo.

"'Yata, share hawaye, aiki za mu yi. Da wane harshe kuke magana da ita?"

"Da Hausa, Mama."

"Mu kuma da Turanci kika kawo mana."

"E, saboda Dokta."

"Maimaita mini abin da ta ce. Yadda ya fito daga bakinta, kada ki gyara."

Latifatu ta dubi Dokta. Ya ɗaga mata kai.

"Ta ce, 'Yana zuwa in gida ya yi shiru. Ya kwanta a bayana. Ya riƙe hannuna. Wani lokaci yana kuka. Kafin asuba ya tafi.'"

"Ta ce namiji?"

"Ta ce *yana* zuwa, Mama."

"Ban tambaye ki wannan ba. Kalmar namiji ta fito daga bakinta?"

Latifatu ta girgiza kai. "A'a."

"Ta ce mijina? Ta ce Malam?"

"A'a. Na tambaye ta wane ne, ta yi shiru, lokaci ya cika."

"Yauwa. In tana maganar mahaifiyarta, yaya take cewa?"

Latifatu ta buɗe baki, ta rufe. Idonta ya fara girma.

"Faɗi mana."

"Tana cewa... 'Uwana ya rasu ina ƙarami.'"

"Uwana *ya* rasu," Hajiya ta maimaita, tana bin fuskokinsu da kallo. Sannan ta koma Turanci saboda Dokta. "Mamunatu daga arewacin ƙasar nan aka kawo ta tana yarinya ba ta jin Hausa, a Zango ta tsinci Hausa. Hausar Zango kuwa ba ruwanta da mace ko namiji. Kowa *ya* ne. Uwa ya zo, amarya ya tafi, akuya ya haihu. Yau da safe mai koko ta ce mini Mamunatu *ya* ci amana, ba wanda ya ɗauka Mamunatu ta fito da gemu. Ita wannan 'yar Maradi kunnenta ya ji *ya*, ya ba ta namiji. Ta juya shi Turanci, Turanci kuwa dole sai ya zaɓi ɗaya. Rahim ya ɗauka ya kai wa matarsa. Magana ta bar Zango ba mace ba namiji, ta je Adum ta yi karatu, ta dawo gida da gemu."

Dokta ya zauna a hankali.

"Kai ma, Dokta, da ka fi kowa sanin wannan. A yarenku na Tuwi kuna raba mace da namiji in kuna cewa ya zo?"

"Ba ma rabawa," ya ce. Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Kalma ɗaya ce. Kakata har ta rasu tana kiran matata da kalmar maza in ta gwada Turanci."

"To ka gani. Turancin ma da ya ruɗe mu, *shi* ɗinsa, wato *she*, mace ce."

Wannan karon har Dokta sai da ya dara.

Latifatu ta ce, "Mama, na kashe ta. Ni na kashe matar nan."

"Ba ki kashe kowa ba, kunnenki ne ya yi ilimi da yawa. Ki bari sai an gama, ki je ki durƙusa mata."

Dokta ya mayar da tabarau. "To, Maame Hajiya. In ba namiji ba ne, wace ce?"

"Uwarta ce," Hajiya ta ce, ko numfashi ba ta ja ba. "Wa ke kwanciya bayan mutum ya riƙe masa hannu in ba uwa ba? Marainiya ce tun tana ƙarama. Miji ya mutu, maraicin farko ya taso. Shi tsohon Baturen da ya kafa muku fannin nan, komai ya gani sai ya ce uba. Bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da mutum tara ba, bai san bayan uwa ne katifar ɗan Zango ta farko ba. Mafarkin uwarta take yi. Yanzu zan je in faɗa wa Seini, a tashi taro."

"Bayaninki ya fi nawa kyau."

"Na sani."

"Amma kin lura da abin da kika yi? Kin cire amsata daga bakin matar, kin sa taki."

Hajiya ta tsaya da hannu a kan jaka.

"Mu uku ke nan," ya ci gaba. "Zango ta ce kwarto. Ni na ce miji da uba. Ke kin ce uwa. Ita mai maganar har yanzu ba ta ce komai ba."

"La'asar ba ta jiran wannan dogon zancen, Dokta."

"Ban hana ki zuwa ba. Ba za ki je a matsayin mai magani ba, surukarki ce, wannan hurumin Latifatu ne. Ki je a matsayin 'yar'uwa. Abu ɗaya nake roƙo. Ki yi tambaya ɗaya, sannan ki yi shiru."

"Har yaushe?"

"Har shirun ya dame ki. In ya dame ki, ki ƙara."

"Wata takwas ina biyan kuɗin mota don a koya mini rufe baki."

"Ke ce ɗalibar da ta fi buƙata," ya ce.

Ta harare shi, ta tashi.

Ana kiran azahar ta shiga gidan su Malam Awalu. Tsakar gida cike da mata, kowacce ta sami abin wankewa kusa da ƙofar Mamunatu. Suka gaishe ta da ladabin da ya wuce kima. Ta amsa a taƙaice, ta ɗaga labule.

Mamunatu na zaune a tabarma, jingine da gado, da carbi a hannu. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. A kusurwa keken ɗinkin marigayi na rufe da zane.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ka ji, ko?"

"Na ji, Maman Farhana."

"Ka zo ka ga fuskan mazinaci."

"Na zo in ga surukata. Matsa mini."

Ta zauna gefenta, ba gabanta ba, su biyu suna kallon bango ɗaya. Ta gaya mata gaskiyar yadda maganar ta fita, da kuskuren Latifatu, da bakin Rahim. Mamunatu ta saurara, ta yi wata 'yar dariya marar sauti.

"Yaron nan Latifatu ya roƙe ni zai faɗa wa malaminsu, ba suna. Na ce to. Ashe malamin Zango duka ne."

"An yi miki laifi, kuma za a ba ki haƙuri. Amma yanzu Seini ne a gabanmu. Tambaya ɗaya zan yi miki."

"Yi."

"Mai zuwan nan, mace ce ko namiji?"

Carbin ya tsaya.

"Mace ne."

Hajiya ta ji daɗi ya hau mata har ka. Kalmar *uwarki ce ko* ta zo bakin leɓenta, ta ji ɗanɗanonta ma. Ta danne ta da haƙori.

Shiru.

A waje wani ya fara jan benci. Aka jawo na biyu. Muryar Alhaji Seini ta shigo, yana faɗa wa yara su kawo tabarmar liman.

Hajiya ta dubi farcenta. Ta dubi silin. Ta karanta Ƙulhuwallahu a zuci, ta sake karantawa. A ranta ta ce, wannan Ba'asanten zai gamu da ni. Gwiwarta ta fara ciwo. Ta ji shirun ya dame ta ƙwarai, kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya. Ta ƙara.

"Ka san abin da ya sa na je wajen yaron nan?" Mamunatu ta ce, ba ta juyo ba. "Cikina ya cika. In ban faɗa wa wani ba zan fashe. Na ce bari in faɗa rabi."

Hajiya ba ta ce komai ba.

"Rabin ma ga inda ya kai ni."

Shiru.

"Da na san kai za a turo, da na gudu. Duk Zango ba wanda nake tsoro ya ji kamar kai."

Nan gaban Hajiya ya faɗi. Mafarkin uwa ba abin da za a ɓoye mata ba ne. Ta juyo za ta yi magana, ta fasa.

"Ya sa na dafa Alƙur'ani," in ji Mamunatu. "Ya ce, Mma, in ka faɗa wa mutum ɗaya, zan shiga mota, ba za ka sake ganina ba. Ni kuma shi kaɗai gare ni. Gara Alhaji ya zuba kayana a titi. Gara a ce mini abin da ake cewa. Na yi shekara hamsin da suna mai kyau, ya ishe ni. Shi yanzu ya fara."

"Maman Farhana," Hajiya ta ce, muryarta ta sauka, "matattu ba sa sa mutum ya dafa Alƙur'ani."

"Wa ya ce maka matacce ne?"

Aka buga ƙofa. Wata yarinyar gidan ta ce daga bayan labule, "Alhaji ya ce in an yi sallah a fito."

"Ki ce masa Hajiya Barkisu na ciki," Hajiya ta amsa. "In yana sauri ya fara da kansa."

Takun yarinyar ya yi nisa.

Hajiya ta kama hannun surukarta. Sanyi ƙalau.

"Rantsuwa tana da kaffara, ni zan ciyar miki da miskinan. Sunanki kuwa in ya zube yau, ba kaffarar da za ta kwashe shi. Ita ma mai zuwan, in aka fitar da ke daga ɗakin nan, bayan wa za ta kwanta?"

Mamunatu ta rufe ido. Hawaye ya bi ta gefen hancinta.

"Da rana yana ɓuya a unguwan Akwatialine, ɗakin wani ƙawanshi. In gida ya yi barci ya shigo ta ƙofan baya. Ba ya cin abinci sai na ba shi a baki. Cikinshi ya fito, Hajiya. Wata bakwai."

"Wa?"

"Ranan addu'an bakwai na Malam, da aka gama, kowa ya ga ya ɗauki jaka ya tafi tasha. Bai shiga mota ba. Ba inda zai koma."

"Mamunatu, wa?"

"Ɗanka ya ce kada ka ji, wai hawan jininka."

Hajiya ta saki hannun.

Ba kwarto ba ne, ba miji ba ne, ba uwa ba ce, ba kuma mafarki ba ne. Farhana ce. Rafi'u ya sake ta tun kafin ubanta ya rasu.